Tsagar bangon gidana da maganar masu haƙar mai

Mai ɗakina ce ta fara lura, ni ban ma kula ba. Tace ƙofar ɗakin yara ta daina rufuwa sai an sa ƙafa an ɗan ɗaga ta, nace mata damina ce katako ya sha ruwa ya kumbura, wa bai san halin ƙofar katako a Legas ba. Na kira kafinta ya rage ƙasanta ya karɓi kuɗinsa ya tafi. Ba a yi wata biyu ba ƙofa ta sake cijewa, kuma lokacin ruwa ya riga ya ɗauke. Sai ga tsaga a bango, ta taso daga gefen taga ta yi sama a karkace tana bin layin bulo kamar matakala, da farko kamar zare, can sai tsinken tsintsiya ya fara shiga, ranar da ƙaramin ɗana ya tura biro ciki ta shige har rabi ranar na kasa cin abincin dare. Duk wanda yake garin nan a 2021 bai manta da benen nan mai hawa 21 da ya rufta a Ikoyi ba, nawa dai ko hawa ɗaya bai yi ba amma yara ne ke kwana a ɗakin.

Gidan yana kan hanyar Badagry ne, sai ka sauka daga titi ka ɗan shiga ciki. Ni wake da gero da masara nake saukewa daga Arewa, na haura shekara ashirin a Ikko, kuma duk wanda ya sha haya a garin nan ya san dalilin da yasa mutum zai sayi fili ko a cikin ruwa ne. A 2014 na saya, wurin duk ciyawa ne da ruwa kwance, shi yasa ma ya yi araha. Na biya masu fili, na biya yaran unguwa kuɗin tona harsashi, na sake biyansu ranar rufi, wannan labari ne daban. Tifar yashi da jar ƙasa da na zuba a wurin ni kaina na daina ƙirgawa. Birkila yace ciko ya kwanta, harsashi ba sai ya yi zurfi ba tunda ba bene bane, ni kuma abinda kunnena ke son ji kenan. Ɗaki shida muka yi, biyu namu huɗu na haya. A 2018 na haƙa bohol a bayan gida na sa sumo, injin jan ruwan nan da ake zurawa cikin bohol, na ɗora tanki biyu a kan dandamali jikin bangon baya, 'yan garuwa suna zuwa da kurarsu tun asuba suna cika jarka. Gaskiya kuɗin ruwan nan ya rufa min asiri ba kaɗan ba, cefanen gida kusan duk daga nan yake fita.

To maganar mai a masallaci ta taso. Muna da wani maƙwabci Alhaji, dattijo ne, ya yi shekaru yana jan tanka daga Apapa kafin ya ajiye, saboda haka duk abinda ya shafi mai a unguwarmu in ya faɗa an gama. Shi ma katangarsa ta karkata. Bayan sallar isha'i na kawo kukana, sai yace ai ba ni kaɗai bane, a duba a gani yaushe aka fara zuƙar mai a tekun nan namu, ba 2016 bane? Rijiyar Aje, wadda dalilinta aka sa Legas cikin jihohi masu arzikin mai. Yace in ka tsotse kunun aya a leda me ledar take yi, ba lotsewa take ba, to haka ƙasa, suna zuƙe na ƙarƙashi mu muna sauka a sama. Wallahi duk wanda ke wurin sai da ya gyaɗa kai, har da ni, don maganar ta shiga hankali kuma shekarun sun yi daidai. Nan take aka yanke kowane gida ya kawo 5,000 a nemi lauya a rubuta takardar neman diyya. Ni ne na biyu da ya biya. Wa ke ƙin diyya.

A satin nan ɗan yayana ya sauka a gidana, ya gama karatun injiniyan man fetur a jami'ar ATBU da ke Bauchi ya zo neman aiki, kun san yadda abin yake, takarda a hannu aiki babu. Da daddare an ɗauke wuta muna zaune a tabarma a tsakar gida na kwashe labarin na faɗa masa, ina jira ya tabbatar min don in kai wa lauya da ƙarfina. Yace Baffa, maganar Alhaji ba ƙarya bace, haƙar mai tana sa ƙasa ta nutse, abu ne da aka karantar da mu. Sai dai yace mai ba tafki bane a ƙarƙashin ƙasa kamar yadda muke zato, a cikin ƙananan kafofin dutse yake, kilomita biyu ko uku a ƙasa, kuma a matse yake da ƙarfi, wannan ƙarfin yana taimakawa wajen riƙe nauyin duk abinda ke samansa. Yace kin ga awara, ya juya wajen mai ɗakina, in kika zuba ta a ƙyalle kika ɗora dutse ruwa yana fita tana yin ƙasa ko ba haka ba? Tace haka ne. Yace to in an zuƙe mai da gas ƙarfin ya ragu, dutsen sai ya ɗauki nauyin shi kaɗai, in mai laushi ne sai ya matse, na samansa ya biyo shi har abin ya iso doron ƙasa.

Ya ɗauko waya ya fara nuna min hotuna. Akwai wani wuri a Amurka, Long Beach a jihar Kalifoniya, filin man Wilmington da aka gano a 1932, tsakiyar wurin sai da ya sauka kusan mita 9, tashar jirgin ruwa da tituna ruwan teku ya fara hawa kansu, bututu suna karyewa. Mita tara fa, tsayin bene mai hawa biyu har da rufinsa. Abinda ya tsayar da shi, daga ƙarshen shekarun 1950 suka fara ɗura ruwa da ƙarfi cikin ƙasa yana maye gurbin man da aka cire. Sai na ƙasar Nowe, filin man Ekofisk, wannan a tsakiyar teku ne kuma dutsen da man yake ciki alli ne, allin nan dai da muka sani, ƙasan teku ya yi ta sauka har dandamalin da ma'aikata ke kai suka matso kusa da igiyar ruwa, a 1987 sai da suka yanke ƙafafun ƙarfen suka sa jak suka ɗaga su mita 6 suka yi musu ƙari. Nace jak irin na mota? Yace irinsa Baffa, girma ne kawai ya bambanta. Ya nuna min gefen tafkin Maracaibo a Benezuwela inda garuruwa suka koma ƙasa da ruwan tafkin sai ganuwa ce ke tare musu shi. Amma wanda ya fi kama ni na Holan ne, Groningen, can gas ake cira tun shekarun 1960, ƙasa ta riƙa matsewa har girgizar ƙasa ta fara, a 2012 aka yi wata mai ƙarfin maki 3.6 a ma'aunin girgizar ƙasa a wani ƙauye Huizinge, gidajen mutane suka tsattsage, aka yi ta rigima ana biyan diyya, ƙarshe gwamnati ta dakatar da cirar gas ɗin a 2023. Ina ganin hoton bangon wani Bature da tsaga irin tawa sak, har da katako an tokare, nace shikenan magana ta ƙare, ka turo min wannan in kai wa Alhaji.

Yace Baffa tsaya ban gama ba. Duk wuraren nan da na nuna maka mutanen a saman man suke zaune, ko dab da shi. Saukar tana yin kamar faranti ne, tsakiya ta fi zurfi, tana raguwa har ta ɓace in ka ɗan fita daga kan filin man. Aje kuwa tana can cikin teku wajen kilomita 24 daga gaɓa, kuma ƙaramar rijiya ce in ka gwada ta da na Neja Delta. Sannan ko da ace saukar ta iso nan, unguwa gaba ɗaya za ta sauka tare a hankali, kai da Alhaji da masallaci da titi, babu yadda za a yi abu daga kilomita ashirin da wani abu ya tsallake gidaje dubu ya zo ya zaɓi kusurwar ɗakin yaranka. Yace na Holan ma girgiza ce ta fi tsaga gidajen, ka taɓa jin ƙasa ta motsa a nan? Nace sai dai in tirela ta wuce. Yace shi ba fanninsa bane gini, amma in shi ne ni, kafin lauya zai nemi masu gwajin ƙasa.

Ban ji daɗin maganar ba, ba zan ɓoye ba. Washegari ma rabin labarin na kai masallaci, na Holan da diyya, ragowar na haɗiye. Amma tsaga ba ta san siyasa ba, ƙaruwa take, sannan dama ina da burin ɗora bene a gaba kuma an faɗa min hukumar bada izinin gini ta Legas ba za ta duba takardunka na bene ba sai da rahoton gwajin ƙasa, nace to in ma asara ce ba duka ba.

Wani abokin ciniki ne ya haɗa ni da injiniyan. Bayerabe ne amma haifaffen Zariya, Hausa a bakinsa har ta fi tawa daɗi, yana sauka daga mota yace Alhaji ina mara lafiyar. Ranar farko bai zo da wani inji ba, tambayoyi kawai kamar likita. Yaushe aka cike wurin, wata nawa aka bari kafin a fara gini, nace ko wata ɗaya ba a yi ba, ya rubuta bai ce komai ba. Zurfin harsashi nawa, an sa rodi ko ba a sa ba. Ya karɓi ƙwallon roba na yara ya ajiye a tsakiyar ɗaki, muna tsaye muna kallo ƙwallo ta gangara da kanta ta tafi kusurwar baya ta tsaya. Ya fito da siririn tiyo mai ruwa a ciki irin na birkiloli, yaronsa ya riƙe baki ɗaya a gaban gida shi ya riƙe ɗaya a baya suna yin alama da fensir, aka auna, bayan gidan ya fi gaban sauka da santimita 6. Daga nan ya ɗauko 'yan gilasai sirara kamar faɗin yatsa biyu ya manna su a kan tsagar a gicciye wuri uku, ya rubuta kwanan wata a gefe, yace kar kowa ya taɓa, in bango yana ci gaba da motsi gilas zai fashe, in ya tsaya zai zauna lafiya.

Muna zagayawa baya ya ga tankuna sai ya tsaya. Yace lita nawa ne, nace 5,000 kowanne. Yace Alhaji ka san lita 1,000 na ruwa tan ɗaya ne? Tan goma kenan ka ɗora a jikin bango ɗaya, ban da nauyin dandamalin. Ni da nake lissafin buhu kullum wallahi ban taɓa lissafa ruwa a matsayin kaya ba, na buga a kaina, buhu ɗari na wake mai kilo ɗari a tsaye a wuri ɗaya shekara da shekaru. Ya sa yaronsa ya hau ya leƙa cikin tanki, yaron ya zura hannu ya damƙo abu ya sauko da shi, yashi ne laushi lukui fari kamar garin tuwo. Yace sau nawa kuke wanke tankin, mai ɗakina daga bakin ƙofa tace duk wata sai an kwashe bokiti biyu ko uku. Ya dube ni yace to wannan yashin daga ina kake jin yake fitowa? Na yi shiru. Yace masu haƙar ba su sa matacin bututu mai kyau ba kuma ba su zuba tsakuwa a gefensa yadda ya kamata ba, sumo yana jan ruwa yana haɗawa da ƙasar da ke ƙarƙashin gidanka, tun 2018, kullum, daga asuba zuwa dare. Bohol ɗin kuwa tsakaninsa da bango bai fi taku uku ba.

Duk da haka yace ba zai yanke hukunci ba sai an huda an gani. Muka yi ciniki, kuɗin ya yi min zafi, na biya rabi. Bayan kwana huɗu suka zo da wata tsohuwar motar ɗaukar kaya, ƙarti huɗu da ƙarafa. Suka kafa wani ƙarfe mai ƙafa uku dogo ya fi rufin gidan, da igiyar waya da ƙaramin inji mai ƙarar tsiya, ana ɗaga bututu mai nauyi ana sakinsa yana cin ƙasa, in ya cika a zazzage. Rami biyu za su yi, ɗaya a gaba ɗaya a baya kusa da tanki. Yaran unguwa suka taru, kafin azahar labari ya zaga cewa an samu mai a gidan mai wake, har wata mata ta zo tana tambayar ko za a tashe mu ne. Su ma masu karɓar kuɗin harsashi da rufin nan sun leƙo, injiniya ya yi musu Yarabanci suka tafi, ban san me ya faɗa musu ba amma ina son in koya.

Abinda ya fi burge ni shi ne gwajin guduma. Duk bayan mita ɗaya da rabi sai su tsaya, su zura wani ƙarfe mai rami a ciki har ƙasan ramin, su yi alama da alli a jikin sandar, sai a riƙa sakin guduma mai nauyin kilo 63.5 daga tsayin santimita 76 tana dukan kan sandar, mutum ɗaya yana ƙirgawa da ƙarfi wani yana rubutawa, ana duba duka nawa za a yi kafin sandar ta shiga santimita 30. Ƙasa mai ƙarfi tana cin duka da yawa, mai laushi kaɗan. A ramin gaba, bayan sun wuce cikona suka tarar da ruwa tun ba a kai mita biyu ba, sai baƙar laka kamar mita ɗaya, daga nan yashi, ƙirga tana hawa goma, sha biyar, ashirin. Nace Alhamdulillahi ashe ƙasata lafiya lau. Injiniya yace bari mu je baya tukun.

A baya ne na ga abinda ba zan manta ba. Suna wuce mita biyu bututu ya fito da wata baƙar laka mai santsi tana wari kamar ruɓaɓɓen ƙwai, da ganye da saiwa da guntun itace a ciki waɗanda ba su gama ruɓewa ba. Injiniya ya gutsuro ya sa min a tafin hannu yace matse. Na matse, ruwa baƙi ya fito ta tsakanin yatsuna, abinda ya rage bai kai rabin na farko ba. Ɗan yayana yana gefe yace Baffa ga awarar. Aka zo gwajin guduma, wallahi ba a ma saki gudumar ba, ɗora ta kawai aka yi sandar ta fara nutsewa da kanta kamar an soka cokali a koko, mai ƙirga ya ɗaga kai yace babu ko ɗaya. Haka aka yi ta tafiya cikin lakar nan har wajen mita bakwai, sai can wajen mita sha biyu aka samu yashi mai tsakuwa da ya ci duka sama da talatin. Wata tsohuwa 'yar asalin wurin, Egun ce, da ke sayar da kifi banda a bakin layi ta zo kallo, ta yi magana yaron injiniya ya fassara, wai ai nan bayan gidana ƙorama ce da, suna yara a nan suke kama ƙaguwa. Shekara nawa muna gaisawa da matar nan ban taɓa tambayarta ba.

Kwana biyu suka yi, suka zuba samfur a leda da wasu gwangwanaye aka toshe bakinsu da kakin kyandir, kowanne da lambar zurfinsa, suka tafi da su ɗakin gwaji. Sati uku ana jira. Kafin rahoton ya fito gilas ɗin kusurwar baya ya fashe, da safe muka tashi muka gan shi ya rabu biyu, na ɗauki hoto na tura masa a WhatsApp yace a fitar da yara daga ɗakin yau, kuma a zubar da ruwan tanki. Na tsaya ina kallon lita dubu goma tana bin kwata, 'yan garuwa sun yi cirko-cirko da kurarsu.

Rahoton ya zo kamar littafi, da zane-zane da hatimi, Turancinsa ba irin wanda nake ji bane sai da ya zauna ya warware min. A taƙaice gaban gidana yana kan laka mita ɗaya, bayansa yana kan laka mita biyar. Na zuba ciko mai nauyi a kai ban jira ya zauna ba, na ɗora gini, na ƙara da tan goma na ruwa a daidai inda ya fi rauni, sannan na sa inji yana janye ruwa da yashi daga ƙarƙashi. Lakar tana matsewa a hankali, irinta tana iya shekaru tana yi, baya yana sauka gaba yana tsaye, bango kuma ba roba bane. Na tambaye shi kai tsaye, nace injiniya to mai fa, ko kashi ɗaya babu? Ya yi dariya yace Alhaji a gidan nan mai haƙa ɗaya ne kuma shi ya biya ni kuɗin aiki. Yace amma ka san abu ɗaya ne da na man, ruwa ko mai ko gas, duk abinda ka zuƙe daga ƙasa mai laushi sai ta matse, Jakarta babban birnin Indonesiya ma ruwan bohol ne ya fi nutsar da shi har suna gina sabon babban birni a wani tsibiri. Yace a Legas abinda ke damunsu kenan, fadama da ciko da bohol a kowane gida. Da na faɗa wa mai ɗakina cewa tayi ana zaton wuta a maƙera, ba ta ma ƙarasa ba ta shige kicin.

Gyaran shi ne ya cinye ni. Maganar bene yace in manta da ita sai dai in zan rushe in sake daga tushe. Tankuna aka sauke aka mayar da ɗaya can gaban gida a kan faffaɗan kankare, ɗayan na sayar. Tsohon bohol aka cire sumo aka ɗura masa siminti aka toshe, aka haƙa sabo nesa da gini, wannan karon injiniya ya tsaya a kansu har aka zuba tsakuwa aka yi ta wanke shi sai da ruwa ya fito garau babu yashi, kuma yace na gida da 'yan haya kawai, sayarwa a bari. Wannan ta fi min ciwo, don yaran nan 'yan garuwa yawanci 'yan wajenmu ne, yanzu sai sun tura kura har layi na huɗu. Bangon baya kuma aka yi masa abinda suke kira fayil, ramuka sirara ake haƙawa a jikin harsashi har su taka yashin nan mai ƙarfi na ƙasa, a zura rodi a zuba kankare, sannan a haɗa kawunansu da bim, wato dogon kankare a kwance, a ƙarƙashin bangon ya zama gini ya hau kansu ya bar lakar. Ba a tone bangon gaba ɗaya lokaci guda, kaɗan-kaɗan ake yi, a tona nan a zuba a bari ya bushe a tsallaka gaba. Sati biyar muna kwana mu bakwai a ɗaki ɗaya, 'yan haya biyu na sallama na mayar musu da kuɗinsu. Wani ɗan fili da nake da shi a gida Arewa shi ya tafi a wannan aikin. Tsagar ma bai bari an shafe ta nan da nan ba, sabon gilas ya manna yace a ba shi wata uku, sai da ya cika lafiya sannan aka cike ta aka yi filasta, ya bar gilas ɗaya a waje ta bayan gida.

Na kai rahoton masallaci kamar yadda na kai na Holan, wannan karon duka. Alhaji ya juya shafukan ya ga hoton lakar yace to ai su injiniyoyin nan duk bakinsu ɗaya da masu mai, wa ya sani ko an saye shi. Wani yace to Kolmani fa da aka ƙaddamar a 2022 tsakanin Bauchi da Gombe, su ma ƙasarsu za ta nutse kenan? Ɗan yayana yace ya danganta da irin dutsen da zurfinsa da yadda aka tafiyar da cirar, abinda ya kamata mutanen wurin su nema shi ne a auna tsayin ƙasarsu tun yanzu a ajiye, don in an zo gardama wata rana akwai abin nunawa. Liman yace wannan magana ce. Aka tashi ba a cimma komai ba, takardar diyya dai har yau tana wajen lauya, 5,000 ɗina kuma ban tambaya ba.

Bayan kamar sati biyu da daddare na ji sallama, na fito sai ga Alhaji da tocila. Muka gaisa, ya tambayi iyali, ya tambayi kasuwa, yace wake ya sauka kuwa, can dai yace in nuna masa gilas ɗin nan da ake faɗa. Muka zaga baya ya haska ya duƙa ya daɗe yana kallo. Yana miƙewa yace wannan injiniyan naka Bazazzagi, ko kana da lambarsa, ba ni ba, wani ne yake nema. Na karanto masa yana dannawa, sai da ya gama yace shi fa har yanzu yana nan a kan bakansa mai ne, sannan ya tambaye ni nawa ne ake cike bohol.